Girka Manhaja a Ubuntu, Fedora, Arch da 'Yan'uwansu: Tambayoyi da Amsoshi

Kowane nau'in Linux yana da wata manhaja da ke riƙe da lissafin duk abin da aka girka a cikinsa: wane fayil ne na wa, wane ƙunshi (wato manhaja da aka tattara fayilolinta wuri ɗaya don girkawa) ya dogara da wane. Ita ake kira manajan ƙunshi. Galibin matsalolin da ke ƙasa suna tasowa ne idan an bi ta bayan wannan manajan, ko kuma an katse shi yana tsakiyar aiki.

Na kwafo umarni daga intanet, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Me ya faru?

Mai yiwuwa umarnin na wani gida ne daban. Linux gida-gida ne, kowane gida da manajansa. Gidan Debian, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, yana aiki da `apt` da fayiloli masu ƙarewa da `.deb`, a cikinsa Ubuntu take, da Linux Mint, da Kali. Gidan Red Hat, wato Fedora da AlmaLinux da Rocky Linux, yana aiki da `dnf` da fayilolin `.rpm`. Ita ma openSUSE `.rpm` take ci, amma manajanta `zypper` ne. Arch, da ta fito a 2002, da Manjaro da EndeavourOS suna kan `pacman`. Alpine kuwa `apk`.

Kafin ka kwafi komai, ka san gidan da kake:

`cat /etc/os-release`

Duba layin `ID`, da na `ID_LIKE` idan akwai, da na `VERSION_ID`. A Linux Mint, alal misali, za ka ga `ubuntu` da `debian` a layin `ID_LIKE`, wato umarnin `apt` zai yi maka aiki. Idan ka ci karo da tsohon bayani mai `yum`, na gidan Red Hat ne. `Dnf` ya gaje shi tun Fedora 22 a 2015.

Waɗanne umarni ne na yau da kullum a kowane gida?

Mu ɗauki GIMP, manhajar gyaran hoto, domin sunanta ɗaya ne a ko'ina. A Debian da Ubuntu mataki biyu ne: `sudo apt update`, sannan `sudo apt install gimp`. Mutane da dama suna ɗaukar `update` a matsayin sabunta manhaja. Ba haka ba ne. Abin da yake saukewa jerin sunaye ne kawai da sigogin da ke rumbu a yanzu, wato ma'ajiyar intanet da gidanka ke sauko da ƙunshi daga cikinta; `sudo apt upgrade` ne ke sabunta manhajar kanta. A Fedora `sudo dnf install gimp` ya isa, domin `dnf` yana sabunta jerinsa da kansa idan ya tsufa, sabuntawa kuma `sudo dnf upgrade`. A openSUSE `sudo zypper install gimp`; nau'inta biyu ne: mai Leap yana sabuntawa da `zypper update`, mai Tumbleweed kuma dole `zypper dup`.

Arch tana da ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: kada ka taɓa yin `pacman -Sy gimp`. Wannan yana sauko da sabon jeri ya girka sabuwar GIMP tare da sababbin laburare (fayilolin da manhajoji da dama ke aiki da su tare) da take buƙata, ya bar sauran manhajojin a tsohon matsayinsu, suna neman laburaren da aka riga aka maye gurbinsa. Daga nan wasu su ƙi buɗewa, wani lokaci har da teburin aikin gaba ɗaya. Ka yi `sudo pacman -Syu gimp`, komai ya tafi tare.

Me ya sa sunan ƙunshi yake canzawa daga wannan gida zuwa wancan?

Saboda kowane gida da masu ƙunsa masa kaya, kuma kowa da al'adarsa ta raɗa suna. Sabar Apache `apache2` ce a Debian da openSUSE, `httpd` a Fedora, `apache` a Arch. Fayilolin da masu haɗa manhaja ke buƙata suna ƙarewa da `-dev` a Debian (`libssl-dev`), da `-devel` a Fedora (`openssl-devel`), Arch kuwa ba ta ware su ba, suna cikin ainihin ƙunshin. Kayan haɗa manhaja daga tushe `build-essential` ne a Debian, `base-devel` a Arch. A Fedora ka girka `gcc`, `gcc-c++` da `make`.

Har abin da ya shafi rubutun Hausa haka yake. Tsarin allon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ yana cikin ƙunshin `xkb-data` a Debian da Ubuntu, a Fedora da Arch kuma sunansa `xkeyboard-config`. Yawanci yana nan tun ranar da aka girka tsarin, sai dai a zaɓe shi a saitin allon rubutu, akwai na Najeriya akwai na Gana. Idan haruffan suna fitowa kamar akwatuna, samfurin rubutu ne babu: `fonts-noto-core` a Debian, `google-noto-sans-fonts` a Fedora, `noto-fonts` a Arch.

Idan sunan umarnin ka sani ba na ƙunshin ba, tambayi manajan. A ce `dig` kake nema. A Fedora: `dnf provides '*/dig'`. A Arch: `sudo pacman -Fy` sannan `pacman -F dig`. A Debian sai ka fara girka `apt-file`, ka yi `sudo apt-file update`, sannan `apt-file search bin/dig`. Amsar za ta zo da sunaye uku: `bind-utils`, `bind`, da `bind9-dnsutils`.

Zan iya girka fayil ɗin .deb a Fedora, ko .rpm a Ubuntu?

Akwai manhaja mai suna `alien` da ke juya wannan zuwa wancan, amma ba mu ba da shawarar dogaro da ita. Mazubin kawai take canzawa. Sunayen abubuwan da ƙunshin ya dogara da su ba sa canzawa daidai, wuraren da fayiloli ke zama sun bambanta, ƙananan umarnan da ƙunshi ke gudanarwa bayan girkawa kuma don wani gidan aka rubuta su.

Ko a cikin gida ɗaya ma ba kowane `.deb` ke shiga ko'ina ba. Kusan kowace manhaja tana dogara da babban laburare mai suna glibc. Ubuntu 20.04 tana da siga 2.31, Ubuntu 22.04 tana da 2.35, Debian 12 tana da 2.36, Ubuntu 24.04 kuma 2.39. Manhajar da aka haɗa a kan sabuwa tana iya ƙin tashi a kan tsohuwa, ta rubuto `GLIBC_2.38 not found`. Kada ka yi yunƙurin sabunta glibc da hannu. Garin gyaran gira za ka rasa ido, domin hatta `ls` da `sudo` a kansa suke tsaye. Nemi ƙunshin da aka yi wa sigar tsarinka.

A duba nau'in injin ma. `uname -m` zai nuna `x86_64` ko `aarch64`; Debian na kiran na farko `amd64`, na biyu `arm64`. Kalmar `amd64` ba ta nufin sai kwamfuta mai AMD, ta haɗa da Intel.

Idan fayil ɗin ya dace, ka girka shi ta hannun manajan domin ya jawo abubuwan dogaro: `sudo apt install ./fayil.deb`, ko `sudo dnf install ./fayil.rpm`. Wannan `./` ɗin wajibi ne a `apt`. In babu shi zai tafi rumbu neman ƙunshi mai wannan suna. `dpkg -i` (`dpkg` shi ne abin da `apt` ke girkawa da shi a ƙarƙashi) yana girkawa, amma ba ya sauko da komai, shi ya sa yakan bar ƙunshi a rataye.

An ɗauke wuta ana tsakiyar girkawa. Tsarin ya lalace ke nan?

Ya danganta da inda aikin ya kai. Girkawa zango biyu ce. A zangon saukewa ba a taɓa tsarin ba tukuna: `apt` yana ajiye fayilolin da ba su kammala ba a `/var/cache/apt/archives/partial`, idan ka sake ba da umarnin ya ci gaba daga nan. A zango na biyu, inda kake ganin `Unpacking` da `Setting up` suna wucewa, a nan gizo ke saƙa, domin an cire tsofaffin fayiloli, an zuba sababbi, ba a gama daidaita su ba.

A gidan Debian ga gyaran, bi da bi:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt --fix-broken install`
`sudo apt upgrade`

Na farko yana ƙarasa daidaita duk ƙunshin da aka kwance aka bari. Na biyu yana cike giɓin abubuwan dogaro. Ka karanta abin da na biyu ya ce zai yi kafin ka danna Y. Idan ka ga jerin ƙunshi masu yawa a ƙarƙashin `REMOVED`, musamman masu suna irin `ubuntu-desktop` ko `gnome-shell`, dakata ka bincika tukuna.

A Fedora katsewa takan bar siga biyu na ƙunshi ɗaya a lissafi. `sudo dnf check` zai nuna su, `sudo dnf distro-sync` kuma ya daidaita komai da abin da ke rumbu. A Arch za ka tarar da fayil ɗin kulle `/var/lib/pacman/db.lck`, tunda an sake kunna kwamfutar, babu `pacman` da ke gudana, sai ka goge shi ka maimaita `pacman -Syu`.

Mafi muni shi ne a katse ana sabunta kanel, wato zuciyar tsarin, kwamfutar ta ƙi tashi. A Ubuntu da Debian shiga `Advanced options` a allon GRUB, wato allon zaɓi da ke fitowa lokacin kunna kwamfuta, ka zaɓi tsohon kanel. Fedora tana ajiye guda 3. Arch ɗaya take ajiyewa, saboda haka yana da kyau mai Arch ya girka kanel na biyu, `linux-lts`, a gefe tun kafin ranar ta zo. Mai openSUSE a kan tsarin adana fayiloli na Btrfs ya fi kowa samun sauƙi: Snapper yana ɗaukar hoton tsarin kafin da bayan kowane aikin `zypper`, sai ka tashi daga tsohon hoto ka yi `sudo snapper rollback`.

Inda wuta ba ta da tabbas, raba zangon biyu da kanka. Sauke komai tukuna da `sudo apt upgrade --download-only` (a Fedora `--downloadonly`, a Arch `pacman -Syuw`), sannan ka girka lokacin da batir ya cika ko janareta ke aiki. Zango na biyu ba ya ɗaukar lokaci kamar na farko. Mai Arch ya kula: bayan `-Syuw` kada ya girka komai sai ya ƙarasa da `pacman -Su`.

Ana ce min "Could not get lock". In goge fayil ɗin kullen?

A'a, ba da farko ba. Saƙon `Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend` yana nufin wani aikin ya riga ka riƙe lissafin. A Ubuntu yawanci `unattended-upgrades` ne, mai girka gyaran tsaro da kansa jim kaɗan bayan an kunna kwamfuta. Sababbin sigogin `apt` suna faɗin lambar aikin da ke riƙe da kullen, suna kuma jira. Ka bar shi ya gama. Goge kulle alhali `dpkg` na aiki yana sa biyu su yi rubutu a lissafi ɗaya lokaci guda, ɓarnar da ke biyo baya ta fi ta ɗaukewar wuta wuyar gyara.

Data tana da tsada. Ta yaya zan rage abin da nake saukewa?

Da farko, duk manajojin suna faɗin girman abin da za su sauke kafin su fara. Karanta wannan layin. Sannan `apt` yana jawo har da ƙunshin da shawara kawai aka bayar a kansu, ba dole ba ne. `sudo apt install --no-install-recommends sunan-ƙunshi` yana barin su. Na Fedora shi ne `--setopt=install_weak_deps=False`. Wani lokaci wani ɓangare na manhajar zai rasa aiki saboda haka, sai ka ƙara abin da ya rage daga baya.

Idan kwamfutoci da yawa ne masu siga ɗaya, kamar a ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon buga takardu, babu dalilin sauke abu ɗaya sau goma. Hanya mai sauƙi ita ce filashi. Umarnin `apt` yana goge fayilolin `.deb` bayan ya girka, don haka ka ƙirƙiri fayil `/etc/apt/apt.conf.d/01keep` ka rubuta masa:

`Binary::apt::APT::Keep-Downloaded-Packages "true";`

Daga nan ka kwashi abin da ke `/var/cache/apt/archives` ka zuba a wuri ɗaya a ɗaya kwamfutar, ka yi `apt update` a can, ka ba da umarnin girkawa. Abin da ya tarar a ajiye ba zai sake saukewa ba. A Fedora sa `keepcache=True` a `/etc/dnf/dnf.conf`. Arch tana ajiyewa da kanta a `/var/cache/pacman/pkg`.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a girka `apt-cacher-ng` a kwamfuta ɗaya. Yana sauraro a ƙofa mai lamba 3142. A sauran kwamfutocin sai a saka layi ɗaya a `/etc/apt/apt.conf.d/02proxy`, da adireshin waccan kwamfutar:

`Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";`

Na farko da ya nemi ƙunshi shi ke cin data, saura daga gida suke ɗauka. Rumbunan da ke kan `https` ba ya ajiye kayansu sai an yi masa ƙarin saiti.

Zaɓin tsarin kansa ma lissafin data ne. Arch da Tumbleweed kullum cikin sabuntawa suke. Debian da Ubuntu LTS (sigar da ake daɗe ana kula da ita) gyaran tsaro da na kurakurai suka fi turowa, sun fi dacewa da mai auna megabait.

"Release file is not valid yet" da "404 Not Found" fa?

Na farko agogo ne. Jerin rumbu yana ɗauke da ranar da aka sa masa hannu, idan agogon kwamfutarka yana baya sai `apt` ya ga kamar takarda ce daga gobe. Ya zama ruwan dare a kwamfutocin hannu da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu. Duba da `timedatectl`, gyara da `sudo timedatectl set-ntp true`. A kwamfutar tebur batirin yawanci CR2032 ne, canza shi ba wuya.

Na biyu iri biyu ne. Ko jerinka ya tsufa, `apt update` ya warware. Ko kuma sigar tsarinka ta ƙare: Ubuntu da ba LTS ba wata 9 kawai ake kula da ita, daga baya a kwashe kayanta zuwa `old-releases.ubuntu.com`. LTS tana fitowa duk shekara 2 a watan Afrilu, da kulawar shekara 5. Fedora kusan wata 13. Mai Arch da ya daɗe bai sabunta ba yakan ga kuskuren sa hannu. Maganinsa `sudo pacman -Sy --needed archlinux-keyring` sannan nan take `sudo pacman -Su`.

Flatpak, Snap da AppImage: wanne zan ɗauka?

Dukkansu an yi su ne don manhaja ɗaya ta yi aiki a kowane gida, ta hanyar zuwa da laburarenta. Flatpak ya fi yaɗuwa a manhajojin tebur, babban rumbunsa Flathub. Manhajar farko da ka girka tana jawo ginshiƙin da za ta zauna a kai, wanda kan kai ɗaruruwan megabait. Na bayanta masu ginshiƙi ɗaya suna rabawa. `flatpak uninstall --unused` yana share waɗanda ba a amfani da su. Snap na kamfanin Canonical ne, yana sabunta kansa ba tare da tambaya ba, abin da mai data ƙididdigagga ya kamata ya sani. A Ubuntu 22.04 zuwa sama, `apt install firefox` Snap yake girkawa. Linux Mint ta toshe Snap tun siga 20.

AppImage fayil ɗaya ne: `chmod +x` ka buɗe. Idan ya ƙi a Ubuntu 22.04, girka `libfuse2`, a 24.04 sunan ya koma `libfuse2t64`. Ba ya cikin lissafin kowane manaja, sabunta shi a wuyanka yake.

A ganinmu rumbun gidanka ne farko, Flatpak na biyu idan kana son sabuwar siga, AppImage sai in babu wata hanya.

PPA da AUR da sauran rumbunan waje, lafiya ne?

Duk rumbun da ka ƙara, ka ba mai shi ikon gudanar da umarni a kwamfutarka da cikakken iko a kan tsarin. PPA, rumbun da mutum ke buɗewa don kayansa, na Ubuntu ne, an haɗa shi don takamaiman siga. Saka shi a Debian yana cakuɗa laburare har sabuntawa ta gagara. AUR ba ƙunshi ne da Arch ta tantance ba, umarnin haɗawa ne da masu amfani suka ɗora, kuma an taɓa kama mugun kaya a ciki. Buɗe fayil ɗin `PKGBUILD` ka ga daga ina yake saukewa kafin `makepkg -si`. RPM Fusion na Fedora, da EPEL na AlmaLinux da Rocky, da Packman na openSUSE sun daɗe, an san su.

Bayanin da ya ce ka yi `apt-key add` ya tsufa. Yanzu ana ajiye mabuɗin a `/etc/apt/keyrings`, a ɗaure shi da rumbunsa kaɗai ta `signed-by`, domin kada mabuɗin wani ya sa hannu a kayan wani.

`pip install` ya ce "externally-managed-environment".

Da gangan ne, tun Debian 12 da Ubuntu 23.04. Manhajojin tsarin da yawa da Python aka rubuta su, `pip`, mai girka laburaren Python, kuma yakan maye gurbin laburarensu ba da sanin `apt` ba. Don aikinka yi `python3 -m venv muhalli` (a Debian sai an girka `python3-venv`), ka girka a ciki. Don manhajar da za ka riƙa kira daga taminal, `pipx`.

Sigar da ke rumbuna tsohuwa ce. Matsala ce?

Ba lallai ba. Debian da Ubuntu LTS suna daskarar da siga, su riƙa ɗinka mata gyaran tsaro, saboda haka tsohuwar lamba ba ta nufin ƙofa a buɗe. Wani lokaci jinkirin kariya ne: a Maris 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye a `xz` siga 5.6.0 da 5.6.1, ta riga ta shiga Tumbleweed da rassan gwaji na Debian da Fedora, amma ba ta kai Debian 12 ko Ubuntu 22.04 ba.

Idan da gaske kana buƙatar sabuwa, Debian na da rumbun `backports`. Akwai kuma `distrobox`, mai buɗe maka wani gidan a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wuri a cikin tsarinka, ta Podman ko Docker, yana ganin foldarka ta gida: `distrobox create --name gwaji --image archlinux`, sannan `distrobox enter gwaji`. A ciki `pacman` na aiki, tsarinka na waje bai san an yi ba.

Yaya ake cire manhaja tsaf?

`apt remove` yana barin fayilolin saiti da ke `/etc`, `apt purge` yana haɗawa da su, `apt autoremove` kuma yana kwashe abubuwan dogaro da suka zama marayu. `dnf remove` yana tafiya da marayun a lokaci guda. A Arch `pacman -Rns`. Babu ɗayansu da ke taɓa saitinka na kanka a `~/.config`, wannan da hannu ake gogewa.

Abin da aka girka da `sudo make install` ne mai wuya, domin babu manajan da ya rubuta shi. Yawanci yana `/usr/local`. Idan foldar tushen tana nan, gwada `sudo make uninstall` a cikinta, ko da yake ba kowace manhaja ke da shi ba. Don tantance ko fayil na cikin lissafi kafin ka goge, yi `dpkg -S` ko `rpm -qf` ko `pacman -Qo`, ka bi shi da cikakkiyar hanyar fayil ɗin.